Rahoton Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Kondem (Tsofaffin Ƙarafa) da Zubin Tukwane, Kumasi

Assalamu alaikum, iyayenmu, shugabanni da sauran 'yan'uwa.

Ga rahoton bana daga hannun sakatarenku. Ni kaɗai na rubuta shi, domin ma'aji ya tafi gida jinyar mahaifiyarsa tun bayan ƙaramar salla, Allah ya ba ta lafiya. Littafin kuɗi ya faɗo hannuna ba don na nema ba.

An yi taron wata-wata a inda aka saba, ban da na watan azumi. An je suna da biki da ta'aziyya gwargwadon hali.

Maganar kuɗin wata ba ta da daɗi, gara a fara da ita a huta. Waɗanda suka biya nasu cif ba su kai rabinmu ba. Na taka da ƙafata Aboabo, na je Dagomba Layin, na shiga Magazin har lungun masu tsofaffin injuna, kuɗin trotro, wato motar haya, daga aljihuna. Wani ya ce in dawo Juma'a, na dawo, yaronsa ya ce ya fita, alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. An ce zuwa biya ne wahala, muka buɗe Momo, asusun tura kuɗi ta wayar salula. Har yau mutanen da ke turowa su ne dai masu kawowa da hannu tun asali. Abin da ya fi ci mini rai, wanda bai biya ko sidi ɗaya ba shi ne mai dogon saƙon murya a WhatsApp yana tambayar ina kuɗin ƙungiya suka shiga. Littafi yana nan, rasit yana nan, kowa ya zo ya duba.

Shi ya sa ba a sayi injin feɗe waya, mai cire roba daga wayar lantarki, ba. Na san an yi alkawari a taron bara, ni ne ma na karanta alkawarin. Mun je mun taya, muka dawo muna jiran kuɗi su cika, kafin su kai ko'ina farashi ya tashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu cewa shugabanni sun yi barci su tuna cewa injin ba da bakin mutum ake sayensa ba. Rumfar tanderu ma haka take: an kafa ginshiƙai, an sa katako, kwano ya gagara. Kafinta bai gudu ba kamar yadda ake yaɗawa, mu ne muka ce ya dakata. Damina ta wuce a kan katakon, wasu sun fara baƙi, in aka ƙara wata damina sai dai a sayi sabo.

Kada wani ya ɗauka injin nan ado ne. Muddin babu shi, yaranmu za su ci gaba da ƙona waya da tsohuwar taya don fitar da jan ƙarfe, su shaƙi hayaƙin roba mai guba, su kuma sayar da ƙonannen ƙarfe a ƙasa da farashin wanda aka feɗe. A 2016 Gana ta kafa doka mai lamba 917 kan shara mai haɗari da tarkacen kayan lantarki. Kuma duk mun ga yadda aka tashi 'yan'uwanmu na Agbogbloshie a Akra a watan Yulin 2021. Hayaƙi yana cikin abubuwan da aka daɗe ana kuka da su a can.

To, abin da ya faranta mana rai bana shi ne ranar bita. Ɗan ɗaya daga cikin dattawanmu, wanda ya yi karatun tace ma'adinai a jami'ar Tarkwa, shi ya kawo mana wani malami mai bincike kan ƙarfe tare da ɗalibansa. Mun shimfiɗa tabarmi, mun jera benci, mata sun dafa wake da shinkafa, muna zaton za a yi mana lacca da Turanci mu yi ta gyangyaɗi. Malamin bai ko zauna ba. Ya ce a kai shi inda muke zubar da kashin tukunya, wato kumfar nan mai toka-toka da ake kwashewa daga saman narkakken alminiyam. Muka kai shi bayan shago inda ta yi tsibi. Ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya fasa da guduma, ya nuna mana ƙwayoyin ƙarfe suna ƙyalli a ciki. Ya ce wannan kuɗi ne muke biyan mai aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya kwashe mana.

A gabanmu aka gwada. Ɗalibai suka daka kashin, suka tankaɗe, suka ware mai nauyi, aka mayar da shi wuta tare da gishirin girki haɗe da wani gishirin fotash irin wanda ake takin zamani da shi. Gishirin yana ɓare ɓawon da ya lulluɓe kowace ƙwaya, sai ƙwayoyin su haɗe su kwanta a ƙasa. Da aka tsiyaye, ƙarfen da ya fito ya isa a zuba murfin tukunya. Babanmu mafi tsufa a zubi, wanda ya shafe shekaru da yawa yana zubar da wannan toka, ya riƙe murfin yana juyawa, bai ce komai ba sai salati. Murfin yana ofis, mun rataye shi.

Malamin ya ja kunne a kan abu biyu. Ragowar gishirin da tokar ba a zuba su a kwata ko a rafin Aboabo. Warin nan mai hawa hanci da muke ji in ruwan sama ya taɓa tsibin, iskar amoniya ce ke tashi daga cikinsa. Na biyu, kada a jefa jiƙaƙƙen ƙarfe cikin narkakke, domin ruwan yana zama tururi nan take ya watso wuta. Wannan kam akwai masu tabo a cikinmu da ba sa bukatar a faɗa musu.

Ya kuma ba mu lissafin da ya sa na ga sana'armu da wani ido. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, jan ƙarfe sai 1085, dalma kuwa 327 kacal. Kafin a sami tan ɗaya na sabon alminiyam ana bukatar kimanin tan huɗu na ƙasar boksait, irin wadda ake haƙowa a Awaso, sannan a ci wutar lantarki mai yawan gaske. Saboda wannan wuta ne masana'antar alminiyam ta VALCO da ke Tema ta dogara da madatsar Akosombo tun da ta fara aiki a 1967. Amma narka tsohon alminiyam bai cin fiye da kimanin kashi 5 cikin ɗari na wannan makamashi. Wato mai tura baro yana kiran kondem a Asawase yana sauƙaƙa wa ƙasa abin da bai sani ba.

Matasa suka taso da tambayar da na san za su yi: zinariyar da ke cikin allon lantarki na cikin wayar salula da kwamfuta. Ya ce gaskiya ne tana nan, har ma tan ɗaya na allunan waya ya fi tan ɗaya na dutsen ma'adini zinariya, tunda dutse 'yan giram kaɗan yake bayarwa. Amma ya roƙe su su bar kwaikwayon masu dafa allo da asid a YouTube, domin hayaƙinsa yana cin huhu, ruwan da ya rage kuma guba ne. Riba a gare mu ita ce a ware alluna daraja-daraja a sayar wa masu kayan aiki. Nan ya ba mu labarin Obuasi, inda zinariya ke kulle cikin dutse mai farar wuta da guba, har a 1994 aka kafa manyan tankuna da ƙwayoyin bakteriya ke cinye dutsen su saki zinariyar. Wani Alhaji ya ce ashe har ƙwayar cuta tana da sana'a. Aka yi dariya har da malamin.

Inda fuskoki suka canja shi ne batun dalma. Ya ce duk tarkacen da ke da dalma ko dalmar liƙi, irin na tsohon lagireto, in ya shiga tukunyar zubi to zai iya komawa cikin abincin mai saye, musamman miya mai tsami. Yara ne suka fi cutuwa. Ya tuna mana Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara. Masu fasa batir a tsakar gida, da ku ake. A ranar aka amince cewa kayan inji daban, kayan tukunyar abinci daban. Shaguna uku na gani da idona suna bin wannan. Sauran, Allah ya sani.

Zan faɗi wani abu ko da za a ji haushi. Ranar bita benci bai isa ba, har da waɗanda rabona da ganinsu tun zaɓe. An ci, an sha, an ɗauki hoto. Taron da ya biyo baya, wanda aka shirya don a tsara tara kashin tukunya wuri ɗaya, ko layi biyu ba mu cika ba. Ɗaliban sun bar mana buhuna don mu tara musu samfuri daga shago-shago su auna a ɗakin gwaji, su gaya mana yawan ƙarfen da muke asara. Sun kira ni sau biyu. Buhunan suna ofis a naɗe, kunya ta hana ni ɗaga waya ta uku.

Abin da ke gabanmu shi ne kwanon rumfa kafin ruwan farko, sai injin feɗe waya, sai waɗannan buhuna. Kwamiti ya yanke cewa a taro mai zuwa za a karanta sunayen masu bashin da ya wuce wata shida, kuma ba za a fitar musu da gudummawar biki ko suna ba sai sun biya. Ba ni na kawo shawarar ba, amma na ɗaga hannu. Wanda ke cikin matsi na gaskiya ya same ni ko shugaba a keɓe kafin ranar, za a duba. Ina kuma roƙon a zaɓi mai riƙon ma'aji, domin shagona ya sha rufewa saboda yawon karɓar kuɗi.

Ina ofis kowace Asabar bayan la'asar. Mai zuwa ya taho da kuɗinsa, ya tafi da buhu ɗaya.

Wassalam.
Sakatare