Gini ya tsaya a linta, yarana uku suna neman kuɓuce mini

Assalamu alaikum Hajiya. Ina yi miki fatan alheri, ke da duk masu taya ki aikin wannan fili. Na daɗe ina sauraron shirinki a rediyon wayata ina cikin aikin gida, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana da na ƙauyenmu. Muna ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa. Shekarata 36, aurenmu shekara 19, 'ya'yanmu biyar. Uku sun tasa: ɗan farina mai shekara 17 yana aji shida na sakandare, ƙanwarsa mai 15 tana aji uku, sai mai bi mata, namiji ɗan 13. A kansu nake wannan wasiƙa.

A daminar 2024, cikin watan Agusta, ruwan da ya yi ɓarna a garuruwan Jigawa bai bar mu ba. Ɗakin yara na ƙasa ne, ya sha ruwa tun daga tushe, azara ta saki, Allah ya taimake mu muka kwashe su kafin ya zauna. Katangar gabas ma ta kwanta. Maigida ya ce ba zai ƙara ɗora tubali a wurin ba, bulo zai yi. Ya kawo hadisin nan da Abu Dawud ya ruwaito, cewa a umarci yara da salla suna da shekara bakwai, in sun kai goma a raba musu wurin kwana. Ya ce ɗaki uku zai tayar, na maza, na mata, da nasa, sannan a zagaye gidan. Ranar har hawayen murna na yi, domin na daɗe ina jin nauyin yadda yaran suke kwana.

Da kaka ta yi ya sayar da riɗinsa, ya kai bijiminsa kasuwar Gujungu, aka fara aiki a watan Disamba. Don a sami filin tushe sai da aka rushe kicin ɗina da shagon da samarin suka koma bayan ruwan. Daga nan lissafi ya fara ƙwacewa. Simintin da ake saye wajen dubu biyar a 2023, mu dubu tara da ɗari biyar muka fara saye, har ya taɓa dubu goma. Ga kuɗin ɗauko shi daga Ringim, wanda tun da aka cire tallafin mai bai ƙara sauka ba. Ga rodi, ga yashi, ga kuɗin mai buga bulo. Kafin azumi gini ya kai linta, kuɗi ya ƙare. Yanzu ɗakuna uku ne a tsaye babu rufi, babu ƙofa, babu taga, katanga kuwa ko tushenta ba a haƙa ba, zana muka kafa. Magini ya zo kwana biyu, ya ɓace mako guda wajen wani aikin, ya dawo da leburorinsa su ɗan taɓa abin da kuɗin ranar ya isa.

Ɗaki ɗaya ya rage mana, nawa. Ni da budurwar da ƙananan biyu a ciki, tare da buhunan gero, kwanukana, akwatunan kowa da keken ɗinki. Maigida yana zaure da ragowar siminti. Samarin biyu aka ce su je su riƙa kwana a shagon abokansu a bakin kasuwa "kafin a rufa". Wannan kafin a rufa ɗin yau wata biyar ke nan.

Zan fara da babban. Tun da aka fara aikin, babansa ya ce maimakon a biya lebura, ga ƙato a gida. Shi ne turo kurar ruwa daga famfon tuƙa-tuƙa, jarka goma a sahu ɗaya, domin sabon bulo sai an yi kwanaki ana ba shi ruwa safe da yamma, in ba haka ba ya yi ta marmashewa. Shi ne kwaɓa siminti, shi ne miƙa bulo. Da farko Asabar da Lahadi ne, daga baya ya zama duk ranar da magini ya zo, babu makaranta. Wani dare na same shi a bakin zaure da fitilar waya a baki, littafin lissafi a cinya, ya riƙe biro amma yatsun sun ƙi lanƙwasuwa saboda siminti ya cinye fatar, duk ta tsage. Na shafa masa man kaɗanya, kafin in gama hannu na biyu barci ya ɗauke shi a zaune. Jarrabawarsa ta kammala sakandare, wato NECO, a watan Yuni take. Abin da ya fi tayar mini da hankali, maginin ya ga yaron yana da hannu, ya fara tafiya da shi wasu ayyukan yana ba shi dubu biyu a wuni. Makon jiya ya ce mini, "Umma, wane da wane sun gama sakandare suna zaune a gindin bishiya, ni kuwa ga sana'a ta zo har gida." Ban raina gini ba, Hajiya, sana'a ce ta mutunci, da ita mutane suke riƙe gidajensu. Amma shekara goma sha biyu yana zuwa makaranta, saura wata biyu ya kammala, in ya saki yanzu na san ba zai koma ba.

Ɗan sha ukun kuma ban san lokacin kwanciyarsa ba, ban san da wa yake kwana ba. Da ina jin motsin shigowarsa, ina tashinsa sallar asuba da kaina. Yanzu sai hantsi nake ganinsa, ido ja, ya ce ƙwallo suka kalla a gidan kallo. Sau biyu ina jin warin taba a rigarsa wajen wanki. Na tambaye shi, ya rantse manyan shagon ne suke sha, hayaƙin ne ya kama kayan. Wataƙila gaskiya ya faɗa. To ko da gaskiyar ce, a cikin wannan hayaƙin yake kwana kullum, kuma malamin Islamiyyarsu ya aiko cewa haddarsa ta tsaya cak tun kafin azumi.

Amma maganar da ta hana ni barci ta yarinyar ce, kuma a nan ni ce mai laifi.

Gidan da babu katanga, maza biyar suna kan gini suna hango tsakar gida har bakin banɗaki. Ni ina iya lafewa a ɗaki ko a bayan zanar da nake girki a gindin darbejiya. Ita ce mai kai musu abinci, ita ce mai kwaso kwanuka, ita ce shara, ita ce raino. A wannan zafin na bazara, tun safe har magariba tana cikin dogon hijabi, da shi take daka, da shi take wanke-wanke, bayanta duk ƙurajen zafi. Wanka kuwa ƙarfe huɗu na dare take tashi ta yi kafin gari ya waye. Ban san haka take yi ba sai da na farka wata rana na ga shimfiɗarta babu kowa, gabana ya faɗi, na fito na same ta tana fitowa daga bayan zana da bokiti, tana sanɗa don kada ta tashe mu. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba ko sau ɗaya.

A cikin leburorin akwai wani saurayi da na lura ba ya shan ruwa sai ita ta miƙa masa, alhali ga randa nan a gefensu da moɗa a kai. Kwana tara da suka wuce ina neman almakashi a jakarta ta Islamiyya, na ga ƙaramar kwalbar turare da ban saya mata ba. Hajiya, ban tsaya tambaya ba. Gajiya ta wata biyar, da haushin magini, da haushin babansu, duk na juye a kanta. Na faɗa mata maganganun da uwa ba ta faɗa wa 'yarta, a gaban ƙannenta, da muryar da na tabbata an ji a kan ginin. Ta bar ni na gama, hawaye na zuba, sannan ta ce, "Umma, ni na rushe katangar? Ni na ce a riƙa aike na wurinsu?" Ta ce a kan kwanon abinci ya ajiye mata turaren, ta ji tsoron mayarwa kada a gan su suna magana, ta ji tsoron nuna mini kada in yi abin da na yi. Kwalbar ko buɗe ta ba a yi ba.

Tun ranar ba ta ce mini komai sai "to" da "na gama". Tana yin aikinta, ta ci abinci a bayan ƙyaure, ta juya fuska bango ta kwanta. A ɗaki ɗaya muke, tabarmarta tana gogar katifata, amma na kasa buɗe baki. A yadda aka rene mu, ban taɓa jin uwa ta ce wa 'yarta ta yi haƙuri ba, kuma ina tsoron in na faɗa ta raina ni, in ban faɗa ba kuma ta daina kawo mini maganarta har abada, a shekarun da ta fi bukatar ta kawo. Na hana ta kai abincin, ƙaramin nake aikawa, amma saurayin yana nan yana zuwa aiki, kuma ban gaya wa babanta ba don na san zuciyarsa. Zai iya korar maginin gaba ɗaya, ko ya yi abin da zai sa sunan yarinyar ya zaga gari.

Na gwada yi wa maigida magana a kan tsarin aikin. Na ce tunda kuɗi ba ya isa, a bar ɗakuna biyun, a rufe ɗaya samarin su dawo gida, a tayar da katanga ko da ta ƙasa ce. Ya ce kwano a Ƙofar Ruwa a Kano ya fi sauƙi in an saya gaba ɗaya, kafinta ma sau ɗaya za a biya, in na ƙara haƙuri zuwa ya sayar da shinkafar rani komai zai wuce. Ya ce gini ba maganar mata ba ce. Ba mugun mutum ba ne, Hajiya. Tun asuba yake fadama, ya rame, takalminsa ma ɗinki uku ne a jiki, kuma don mu yake yi. Sai dai shi bulo yake ƙirgawa in ya dawo da yamma, ni kuwa da nake wuni a gidan na san inda yake mana yoyo. Ga damina tana matsowa, zanar nan iskar farko za ta kwashe ta.

Ina da awaki huɗu da tunkiya, na gadon mahaifiyata, kuma ɗaukar adashina wata mai zuwa ne, duk da sana'ar ƙuli-ƙulin ta tsaya saboda ƙura da rashin wurin suya. In na haɗa za su iya sayen bandir ɗin kwano da katako da ƙyaure na ɗaki ɗaya. Tsorona biyu ne: kada ya ga kamar na nuna gazawarsa a idon 'yan'uwansa, ko kuma ya karɓi kuɗin ya zuba a sauran ɗakunan mu koma gidan jiya. Yayata da ke aure a Ringim ta ce in kawo mata yarinyar har a gama, amma ita ma jarrabawar aji uku tana gabanta, kuma in na tura ta yanzu, a kan wannan fushin, za ta ɗauka korar ta na yi.

Don Allah ki ba ni shawara. Da wane baki zan fara yi wa 'yata magana, kuma in gaya wa babanta zancen turaren ko in nemi wata hanyar da za a sallami yaron nan ba tare da tonon asiri ba? Ta yaya zan sa maigida ya sakar wa babban wata biyun nan ya yi karatu, ya kuma dawo mini da ɗan sha ukun gida ko a zaure ne kusa da shi? In sayar da dabbobin, ko in sa yayansa ya yi masa magana tukuna? In akwai masu sauraro da suka taɓa zama cikin gini da yara matasa, ina roƙon su faɗa mini yadda suka yi da wurin kwana.

Zan kasa kunne ranar shirin. Wayar a kunnena zan sa, domin yarinyar tana ɗakin.

Wassalam,
'yar'uwarki daga ƙaramar hukumar Taura.