Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Zamfara: a ba mazauna ƙauyukan zinare damar auna ƙasarsu

Mai Girma Gwamna Dauda Lawal,

Assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo.

Ranka ya daɗe, a 2010 ba wata hukuma ce ta fara gano gubar dalma a Anka da Bukkuyum ba. Iyaye mata ne suka ga 'ya'yansu na amai da jijjiga, maƙabartun ƙauyuka na cika da ƙananan kaburbura, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, su bi sawu. Yara sama da 400 suka rasu. Dutsen zinare ake kawowa cikin gida, a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Bagega kuwa, wadda ke ƙaramar hukumar Anka, sai 2013 aka saki kuɗin tsaftace ta daga dalmar, shi ma bayan matasan Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati, sun hana Abuja barci.

MSF ta miƙa wa jiha aikin a 2022, kuma a Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara. Wa ke auna ƙasar Dareta da Abare, ƙauyukan Anka da gubar ta shafa, yanzu? Ƙwararre daga Gusau ba ya shiga dajin nan yadda ya ga dama, kowa ya san dalili. Amma ungozoma da malamin firamare da mai unguwa can suke kwana.

A koya musu ɗibar ƙasa daga tsakar gida da bakin rijiya da filin wasan yara, su ƙulle a leda, su rubuta unguwa da rana. Ranar kasuwa a kai wa ma'aikacin da aka horar, ya ɗora na'urar XRF ta hannu, mai gano ƙarafan da ke cikin ƙasa, nan take ta nuna yawan dalmar. Na'urar tana da tsada, gaskiya ne, amma ko kusa ba ta kai kuɗin kankare ƙasar gari guda ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne sakamakon ya shige fayil ya yi barci. Wanda ya kawo ƙasa shi ya fi cancanta ya fara ji. A karanta a rediyo da Hausa, a sanar bayan sallar Juma'a, sannan a ɗora a intanet kowa ya gani. Kada a dogara da waya kaɗai. Ba mu manta da rufe layuka na 2021 ba. Kuma a ambaci unguwa ban da sunan mai gida, domin in mahaƙi ya ji awon zai jawo masa kamu, ledar farko ce za ta zama ta ƙarshe.

Muna roƙon a fara da Anka, a kasafin da ke tafe.

Naka,
Wani ɗan jihar Zamfara