Amsa ga Baba Injiniya kan masu rubuta manhaja

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A wani taro nan Sakkwato ka tambaye ni gaban jama'a: da wane dalili mu masu rubuta manhajar kwamfuta muke kiran kanmu injiniyoyi, alhali ba mu taɓa auna ƙarfin kankare ba, yawancinmu ma ba mu da rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya? Ga amsata.

Aikin ya cancanci sunan, Baba. Masu yinsa ne da yawa ba su kai ba tukuna.

A ganina, alhakin rayukan mutane ne ya ba ku wannan martaba. Wanda ya zana madatsar ruwa ta Goronyo ya lissafa nauyin ruwan da za ta riƙe, ya bar rata saboda shekarar da damina za ta yi ƙarfi, sannan ya sa hannu, don ya san akwai ƙauyuka a bakin gulbin Rima. To, irin wannan alhaki ya hau kan manhaja tuntuni. Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta ƙona majinyata a Amurka da Kanada, wasu suka rasu. Na'urorin da suka gabace ta suna da makullin kariya a jikinsu. A wannan sai aka cire shi, aka dogara ga manhaja mai ɓoyayyen kuskure. A 1996 kuma rokar Ariane 5 ta tarwatse ko minti ɗaya ba ta yi a sama ba, saboda a cikin manhajarta an tura lamba babba cikin gurbin da ba zai ɗauke ta ba.

Ba sai mun je Turai ba. Ka tsaya wurin mai POS a bakin Tsohuwar Kasuwa: dattijuwa ta miƙa kati, an zare kuɗinta, takarda ta fito ta ce bai shiga ba. Kuɗin maganin jikanta ke nan, kuma ba ta san wanda za ta riƙe ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Nan gaskiyarka take. Sana'armu yarinya ce. Sai a 1968, a taron NATO na Garmisch a Jamus, aka zauna da gaske kan mayar da ita aikin injiniya. Hukumar CPN, mai yi wa ƙwararrun kwamfuta rajista a Najeriya, tana nan tun 1993, amma har gobe saurayi na iya koyon rubutun na wata shida, ya haɗa manhajar asibiti, ba wanda ya duba, ba wanda ya sa hannu.

Shi ya sa nake roƙonka, ranka ya daɗe, ka ba mu yamma ɗaya ka zauna da yaran da muke koyarwa. Ka nuna musu yadda kuke gwada kankare kafin a ɗora masa nauyi, da yadda ake rubuta rahoton bincike idan gini ya rufta.

Naka, mai rubuta manhaja, Sakkwato.