Kafin a ƙara wa tsoho magani, a duba wanda yake sha

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu in ba da labarin abin da ya sami mahaifiyata, don na tabbata akwai irinta a gidaje da dama.

Inna shekarunta 78. Tana da hawan jini da ciwon suga, ga gwiwa da ke hana ta sakat, musamman da hunturu. Mu 'ya'yanta kowa yana son ya sauke nauyinta da ke kansa. Yayana in ya zo daga Kaduna sai ya kai ta asibitin kuɗi, ni ina kai ta na gwamnati, ƙanwata kuwa da ta ji Inna ta ce wash sai ta aiki yaro kemis ɗin bakin layi. Babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya karɓo mata. Ita kuma ba ta zubar da magani. Tana tara su a wata tsohuwar langa a ƙarƙashin gado, da launi take gane su: farin na safe, jan na gwiwa, rawayan na barci.

A azumin bara, bayan la'asar, ta miƙe da buta za ta yi alwala sai ta yanke jiki ta faɗi a bakin ƙofa. Na iske gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, hannunta na rawa, tana kirana da sunan ƙaninta da ya daɗe da rasuwa. Har an fara cewa iska ce, wasu kuma suka ce ruɗewar tsufa ce ta zo. Da muka isa asibiti aka auna, ashe suganta ne ya yi ƙasa sosai. Ana sa mata ruwa ta dawo hayyacinta.

Washegari wata likita, Allah ya saka mata da alheri, ta ce in je gida in kwaso duk abin da Inna ke sha, har da na gargajiya. Na kawo langar. Ta juye a kan tebur ta ware su ɗaya bayan ɗaya, kala 11. Kwali biyu ta ɗaga ta ce, "Wannan da wannan ai abu ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta." Amlodipine ne na hawan jini, Inna tana shan duka biyun. Shi ne yake kumbura mata ƙafa. Wani likitan da ya ga kumburin, bai san mafarinsa ba, sai ya rubuta mata Lasix mai sa yawan fitsari, ga ta da azumi ga zafin rana. Diclofenac da take sha kullum don gwiwa yana ta da jini, yana cin ciki, yana wahalar da ƙoda. Rawayan na barci diazepam ne, wanda ke kwana a jikin tsoho har washegari ya bar shi da jiri. Wanda ya kayar da ita kuwa Daonil ne, wato glibenclamide, da ta sha da sahur ta wuni ba ci. Sai wani haɗin kemis a ƙullin leda, ƙwaya huɗu ba suna ba kwali. Ita kanta likitar ba ta amince da shi ba, kwandon shara ta jefa shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ta gaya mini an daɗe da sanin wannan. Tun 1991 wani likita a Amurka mai suna Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi kaffa-kaffa da su ga tsofaffi, kuma har yau ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar tana sabunta shi. Diazepam yana ciki, glibenclamide yana ciki, har da Piriton da muke miƙa wa kowa in mura ta kama shi. Dalilin a fili yake: ƙoda da hanta suna rage ƙarfi da shekaru, ƙwayar da jikin ɗan shekara 30 zai fitar cikin sauƙi sai ta daɗe tana yawo a jinin ɗan 75.

Na san halin da likitocinmu ke ciki. Na ga layin da ke gaban ɗakin likita ɗaya tun da asuba, ba na ganin laifin wanda ya gaji. Amma tambayar "Inna, me kike sha a gida?" ba ta cin minti ɗaya, kuma da an yi ta da ba a rubuta Lasix ɗin nan ba. Ina roƙonsu da masu ba da magani a asibiti su riƙa yin ta. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012. Ina fata manyan asibitocinmu na Arewa su riƙa ware rana ta musamman don a zauna a bi magungunan dattawa dalla-dalla. NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna kuma su sa ido a kan haɗin nan da ake ƙullawa a leda.

Mu ma muna da namu laifin, kuma na karɓi nawa. Ba ina cewa kowa ya je ya dakatar wa iyayensa magani da kansa ba, yin hakan ma haɗari ne, musamman na hawan jini da na barci. A kwashe su duka a kai wa likita, shi ya rage.

Yanzu Inna kala 4 take sha, katinta ɗaya ne kuma a hannuna yake. Ƙafarta ta saɓe, jirin ya tafi. Jiya da kanta ta taka zuwa barkar suna a maƙwabta, ta dawo tana ba mu labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Wassalam.

Wata mai karanta jaridarku,
daga Zariya