Jiƙo ba ya maida SS ya koma AA

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya ci min tuwo a ƙwarya. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare, kwanaki wata ɗalibata ta zo tana murna wai an samo wa ƙaninta mai sikila wani jiƙo da zai wanke masa jini ya koma AA, har mahaifinsu ya saida akuya biyu ya biya. Wallahi ranar ban iya cin abincin kirki ba.

Matsalar fa ba datti ba ce a jini balle a ce wankewa za a yi, rubutu ne. Ƙwayoyin halittar jikinmu suna ɗauke da wani dogon rubutu da ake kira DNA, haruffansa huɗu ne kacal, A da T da G da C. Shi wannan littafin ba ya fita daga ɗakinsa, in ana buƙatar wani furotin sai a kwafo wajen da ake so a kan RNA kamar yadda almajiri ke kwafo karatu a allo, a kai wa wani ɗan inji mai suna ribozom, shi kuma ya dinga karanta haruffan uku uku, kowane uku na nufin amino asid ɗaya daga cikin iri 20, yana jera su kamar mai shirya duwatsun carbi har zaren ya cika ya naɗe ya zama furotin. In an gama a wanke allon, littafin kuwa yana nan yadda yake.

To haimogilobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, ɗaya daga cikin zarensa duwatsu 146 ne, umarninsa kuma yana kan kuromozom na 11, wato kamar babi na 11 a littafin nan na DNA. A wajen dutse na shida mai AA yana da GAG, shi kuma S nasa GTG ne. Harafi ɗaya fa jama'a! Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda wurin ɗigo ɗaya ke raba harafin ba da harafin nun, to haka ribozom shi ma ba ruwansa, abin da ya gani shi zai karanta, sai ya saka amino asid mai suna valin a gurbin wanda ake kira gulutamik asid, shi ke nan furotin ya dinga mannewa da 'yan uwansa in iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon wajen kwana 120. Tun 1957 wani masani Vernon Ingram ya gano wannan canjin a Kambirij ta Ingila, ba jiya ba ne.

Shi ya sa ko ƙarin jini aka yi wa yaro a asibiti sauƙi ne na ɗan lokaci, domin ɓargonsa zai ci gaba da kwafo daga littafin nan dai. Dashen ɓargo ne ke iya canja maganar, shi ma sai an dace da wanda nasa ya yi daidai, ga tsada ba a magana. Ina jiƙo zai shiga ya goge harafi a miliyoyin ƙwayoyi?

Roƙona Malam Edita, ku daina jira sai 19 ga Yuni ranar sikila ta duniya ta zagayo sannan ku yi rahoto ɗaya ku wuce. Ku gayyato likitocin jini su yi wa mutane bayani da Hausa, musamman cewa rukunin jini irin su O da B daban, AA da AS da SS daban, kuma in AS ya auri AS ba wai a 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zama SS ba, kowane ciki lissafinsa daban, ana iya jera uku a gida ɗaya. Sannan dan girman Allah ku dinga duba irin tallan magungunan da ake kawo muku kafin ku buga.

Na gode.
Daga wani malamin bayoloji, Kano.