Amsa ga malamin da ya ce "ai yaƙi ake yi"

Malam, salamu alaikum. Na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai me ya sa nake ta kumfar baki kan 'yan jaridar da ake kashewa a Falasɗinu da Lebanon alhali yaƙi ake yi kuma harsashi bai san mai kyamara ba, sannan ka ɗora da cewa ai don musulmi ne abin ya dame ni. Ta farkon zan iya haɗiye ta, ta biyun ce ta ƙona min rai, kuma ina zargin ka san ba haka ba ne, so kake kawai ka mayar da maganar rigimar addini don a daina zancen jinin da aka zubar.

Shireen Abu Akleh, 'yar jaridar Aljazeera da aka kashe, kirista ce fa. Ranar 11 ga Mayun 2022 a Jenin da ke Gaɓar Yamma da Kogin Jordan tana sanye da hular kwano da rigar kariya an rubuta PRESS ɓaro-ɓaro a ƙirji, harsashi ya same ta a kai, abokin aikinta Ali Samoudi kuma aka harbe shi a baya. Da farko Isra'ila ta ce ƙila 'yan bindigar Falasɗinawa ne, sai a watan Satumba sojojin da bakinsu suka ce da alama sosai sojansu ne ya harbe ta bisa kuskure amma ba za su buɗe binciken laifi ba, shikenan aka rufe fayil. Ranar jana'izarta a birnin Ƙudus 'yan sanda suka far wa masu ɗauke da akwatin gawar da kulake har ya kusa faɗuwa ƙasa, wallahi duk wanda ya ga bidiyon nan bai manta ba. Aljazeera ta kai ƙara kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ICC a Disambar 2022, har yau ba sojan da ya tsaya gaban alƙali.

Zancen harsashi bai san kowa ba kuwa, Issam Abdallah na Reuters yana tsaye kan tudu a kudancin Lebanon tare da sauran 'yan jarida, fili fetal kowa na ganinsu, ranar 13 ga Oktoban 2023 tankar Isra'ila ta harbo musu sau biyu, daƙiƙa 37 tsakani, ta kashe shi. Haka kuskure yake, sau biyu a wuri ɗaya?

Doka kam akwai ta, sashe na 79 na ƙarin yarjejeniyar Geneva kan dokokin yaƙi na 1977 ya ce ɗan jarida farar hula ne, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake jaddadawa a ƙuduri na 1738 a 2006, kai wa farar hula hari da gangan kuma laifin yaƙi ne. Aiki da ita ne babu. Kuma duk mai bin rubutuna ya san ban taɓa raga wa gwamnatin Assad ta Siriya ba kan 'yar jarida Marie Colvin da aka kashe a birnin Homs a 2012, wadda kotun Amurka a 2019 ta ce da gangan aka kai mata hari ta yanke diyyar dala miliyan 302.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne sojan da ake zargi shi ake barin ya binciki kansa, ƙasashen da ke ba shi makamai kuma su ce suna jiran sakamako. Shireen 'yar ƙasar Amurka ce ma malam, fasfo ɗin bai sa an kama kowa ba, to ina ga yaron Gaza mai ɗaukar hoto da waya?