A daina yanka wasan Dire Straits a kan katin waya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu yi magana da masu tura waƙoƙi a katin waya a nan Damagaram, musamman na wajen Kasuwar Dole, kan yadda ake lalata faifan Alchemy na ƙungiyar kiɗan Birtaniya Dire Straits. An ɗauki wannan wasa ne a gaban jama'a a zauren Hammersmith Odeon na Landan a watan Yulin 1983, ya fito a 1984. Duk mai kaɗa jita a ƙasar nan ya san darajar Mark Knopfler, mai jita kuma mawaƙin ƙungiyar. Shi kansa Bombino na Agadas da kallon bidiyon Knopfler da na Jimi Hendrix ya koyi hannu.

Waƙarsu "Sultans of Swing" ta 1978 ba ta kai minti 6 ba, amma a Alchemy ta kusa minti 11. Ƙarin nan shi ne wasan. Knopfler da yatsu yake tsinkar tsirkiya, ba ya riƙe ɗan robar kiɗi, shi ya sa za ka ji sautin ya yi ƙasa kamar raɗa, gangar Terry Williams tana biye da shi, sannan su tashi tare jama'a su ɗauki sowa. To, wannan wuri mai sanyi shi ne farkon abin da ke mutuwa idan an matse waƙar zuwa 64 kbps, wato ƙaramin awon ingancin sauti, don kati ya ɗauki da yawa. Tafi ya koma kamar ana soya ƙosai. Faifan CD ɗin kusan minti 94 ne. A 320 kbps bai wuce MB 230 ba. Wane kati ne yau zai gaza ɗaukar wannan?

Wanda ke da tsohon kaset kuma yana son maida shi kwamfuta, kada ya yi gaggawa. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu sun riga sun yi aikinsu. A fara juya zaren gaba ɗaya zuwa ƙarshe a maido shi, don ya saki inda ya manne. A duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren. In ya faɗi, sauti zai dushe, sai a manna wani. A goge kan rikoda da auduga da alkol mai digiri 90 na kantin magani, tayar roba kuwa da ƙyalle mai ɗan danshi. In murya tana ja tana sakewa, bel ne ya saki, a canza shi tun bai ci zaren ba. Akwai ɗan kusa a gefen kan rikodar: a juya shi kaɗan kaɗan ana sauraro, a tsaya inda ƙarar faranti na ganga ta fi fitowa tas.

Wayar da ta fito daga rikoda ta shiga ramin layi na kwamfuta, ba na makirfo ba, domin na makirfo yakan haɗe kunne biyu ya zama ɗaya, ga tsatsa. A Audacity, manhajar ɗaukar sauti wadda kyauta ce, kada allura ta wuce -6 dB a wurin da ya fi ƙara. Yawan goge shuuu ɗin kaset yana tafiya da tafin jama'a, gara a bar shi.

Babban laifin shi ne yanka. Wasan gaban jama'a ba shi da shiru tsakanin waƙa da waƙa, don haka a ajiye kowane gefe guda ɗaya, ko a sa lamba 01, 02 a gaban sunaye don kada waya ta hargitsa jeri. Wanda aka kwafa daga CD zuwa kaset C-90 mai minti 90 kuma a duba ƙarshensa, sau da yawa waƙar ƙarshe, "Going Home", ba ta cika ba. In za a tura wa wani ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda.

Naku,
Wasu masu gyaran rediyo, Zengu, Damagaram